ALHAKIN IYALI: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwa Da Littafi Ya Hana Shi Barci

Muna farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki, muna neman taimakonSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 A makon nan za mu amsa wata wasiƙa ce wadda muke ganin amfaninta bai tsaya ga mai ita kaɗai ba. Ta fito daga wani bawan Allah mai sayar da atamfa a Kano, wanda ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce ya tarar da 'yarsa, budurwa da ake shirin yi wa aure, tana zubar da hawaye a kan wani littafin soyayya. Ya karɓe da niyyar jefa shi a wuta, sai kuma ya ce bari ya ga abin da ke ciki tukuna, bai kuwa ajiye shi ba sai da ya ji kiran assalatu. Ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya rasa da wa yake fushi. Saboda haka ya aiko mana da tambayoyi uku. Ta farko, shin ya halatta Musulmi ya karanta labarin da aka ƙaga? Ta biyu, ashe irin wannan rubutu ba tonon asirin gidajen Musulmi ba ne, da ɓata sunan 'yan kasuwa, da zuga mata su yi wa mazajensu tawaye? Ta uku, shin yadda aka ƙare labarin ya dace da Shari'a?

Littafin da yake magana a kai shi ne Alhaki Kwikwiyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma neman ilmi a ajin manya, har ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya, a 1987. An mayar da Alhaki Kwikwiyo Ne fim a 1998, kuma a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya, wadda Aliyu Kamal ya yi. Watau dai littafi ne da ya daɗe a hannun jama'a, 'yan matan da suka fara karanta shi yau su ne iyaye, har da masu jikoki.

Ga waɗanda ba su karanta ba, ga labarin a taƙaice. Wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Abdu, da matarsa Rabi, mai 'ya'ya tara a gabanta. Abin da yake ba ta na cefane bai isa ba, alhali yana kashe fiye da haka a waje wajen cin daɗinsa da hidimar matan banza. Ita ce take dafa abincin sayarwa ta cike gurbi, ta biya wa yara kuɗin makaranta. Ana nan sai ya auro wata mai suna Delu, wadda ta yi zaman kanta. Da rigima ta tashi tsakanin matan, sai ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta riƙe sana'arta ta raini yaran, har 'yarta Saudatu ta sami miji na kirki mai wadata, kuma a nan ne soyayyar littafin take. Daga bisani gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, amaryar ta ci amanarsa, ya dawo yana neman a yafe masa, aka taru aka matsa wa Rabi har ta karɓe shi.

To, Alhaji, game da tambayarka ta farko, ƙaryar da Shari'a ta haramta ita ce mutum ya faɗi abin da ba haka yake ba domin a ɗauka haka yake. Labarin da mai ba da shi da mai sauraronsa duk suka san misali ne, bai shiga wannan babi ba. Shaidar haka tana cikin zaurukan malamanmu. Shekaru aru-aru ana karantar da Muƙamatul Hariri a ƙasar Hausa, wanda mawallafinsa ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, daidai da 1122. Abu Zaidi da Harisu ɗan Hammamu da ke cikinsa ƙagaggun mutane ne, ba a taɓa haifar su ba, amma manyan malamai sun karanta shi, sun karantar, sun yi masa sharhi. Haka nan Kalila wa Dimna, inda dabbobi suke magana domin sarakuna su ɗauki darasi. A cikin harshenmu kuma, Alhaji Abubakar Imam ya sa aku ya yi wa ɗan sarki hira a Magana Jari Ce, ba wanda ya ce ya yi ƙarya.

Maganar so ita ma ba baƙuwa ba ce a rubutun Hausa. Jiki Magayi, na cikin littattafan farko da aka buga a Zariya wajen 1934, labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Hajiya Hafsatu Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Abin da ya fi wannan duka, Suratu Yusuf, wadda Allah Ya siffanta da mafi kyawun labari, kuma ita gaskiya ce tsantsa, ta kawo hassadar 'yan'uwa, da jarrabawar matar Azizu, da ɗauri a kurkuku bisa zalunci. Ashe ke nan ambaton abu mai nauyi ba laifi ba ne a kan kansa. Abin dubawa shi ne yadda aka ambace shi da inda aka nufa da mai karatu.

Amma fa akwai iyaka, kuma dole mu faɗe ta. Aya ta 6 ta Suratu Luƙman ta zargi mai sayen zancen banza domin ya kautar da mutane daga hanyar Allah, aya ta 19 ta Suratun Nur kuma ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Duk littafin da ya tsaya yana siffanta abin da ke tsakanin miji da mata domin tayar da sha'awa, ko ya ƙawata zina ta zama abin burgewa, ya faɗa ƙarƙashin wannan gargaɗi, ko a takarda yake ko a cikin wayar hannu, inda yawancin irin waɗannan labarai suka koma a yanzu. Haka kuma karatun da zai sa a yi asarar sallar asuba ya zama abin zargi ko da labarin tsarkakakke ne. Sai dai kuskure ne a yi wa littattafan nan kuɗin goro. A 2007 an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, amma hakan bai hana rubutu ba, bai kuma hana karatu ba. Uban da ya karanta kafin ya yanke hukunci, kamar yadda ka yi, ya fi kusa da adalci.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi nauyi. Giba ita ce ambaton wani mutum sananne da abin da yake ƙi, Alhaji Abdu kuwa ba shi da gida a kowace unguwa, balle a ce an ci namansa. Sa'an nan aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana bayyana mummunar magana, ita ce kuma ta togace wanda aka zalunta. Mata sun kai kukan mazajensu gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce musu sun tona asiri ba. Haulatu 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta Ausu ɗan Samitu, wanda ya yi mata zihari bayan ta tsufa a gidansa ta haifa masa 'ya'ya, sai Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan kukanta. Hindu 'yar Utba ta ce mijinta Abu Sufyanu mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, aka yi mata izini ta ɗebi gwargwadon abin da zai wadatar da su bisa al'ada. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. A ƙasarmu kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna ta hidima kawai, ba wanda ya ce Shehu ya ɓata sunan malamai.

Saboda haka bari mu auna abin da mutumin cikin labarin ya aikata da ma'aunin mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita daga Risala, da Muhtasar Halil, da Tuhfatul Hukkam. Ciyar da mace, da tufatar da ita, da ba ta wurin zama, wajibi ne a kan miji gwargwadon halinsa da nata, kuma ba ya faɗuwa don matar tana da sana'a ko dukiya. Abin da ta samu daga tuwon sayarwa, ko ɗinki, ko albashi, nata ne. In ta sa a cikin tukunyar gida sadaka ce ta yi, ba bashi take biya ba. Aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, wadda maza suke yawan kafa hujja da ita a kan shugabancinsu, ta ɗaure wannan shugabanci da ciyarwar da suke yi daga dukiyarsu. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta umurci mawadaci ya ciyar daidai da wadatarsa. Wanda ya ci nama a kasuwa ya bar iyalinsa da miya lami, alhali yana da hali, ya saɓa wa wannan aya ko da ba a rubuta shi a littafi ba.

Idan miji ya ƙi ciyarwa, matar tana da ikon kai ƙara. Alƙali zai tilasta masa in yana da hali, in ba shi da shi ya ɗaga masa ƙafa na wani lokaci, in har ya kasa a raba auren. Haka kuma in cutarwa ta tabbata, ta duka ko zagi, ko da ta hanyar labarin da ya yaɗu a tsakanin maƙwabta ne, alƙali yana iya sakin ta. Idan saki ya auku, aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta har ta gama idda. Wannan hukunci ne da yawancinmu muka yi watsi da shi, har ya zama takardar saki da fitar da kaya rana ɗaya ake yin su. Riƙon yara kuwa, a mazhabarmu, haƙƙin uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, kuma ciyar da su duk tsawon wannan lokaci yana wuyan uba. Mutumin da ya kori uwa da 'ya'ya tara ya juya baya ya tattara laifuffuka da dama a rana ɗaya. Ƙarin aure halal ne, ba mai musun haka, amma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya zai tashi ranar ƙiyama ɓarinsa ɗaya a shanye.

To, Alhaji, ka ga marubuciyar ba ta ƙirƙiro wa mata wani haƙƙi da Musulunci bai ba su ba. In ma da gyara, sai dai mu ce abin da Shari'a ta ba Rabi ya fi abin da labarin ya ba ta. Batun ɓata sunan 'yan kasuwa kuma, mun san attajirai da yawa masu riƙe da gidaje biyar ko goma na dangi da marayu ba tare da kowa ya ji ba, kuma littafin da kansa ya kawo surukin Rabi a matsayin mai dukiya mai mutunci. Halin da aka soka bai keɓanta da kasuwa ba. Akwai ma'aikacin gwamnati da matarsa ba ta san ranar da albashi yake shiga ba, sai dai ta gane daga sabuwar hularsa.

Tambaya ta uku ita ce ta raba kan masu karatu tun fitowar littafin. Wasu suna ganin komawar Rabi haƙuri ne da za a yi mata lada a kansa, wasu kuwa suna ganin an sake zaluntar ta ne, tun da sai da dukiya ta ƙare aka tuna da ita. Abin da Shari'a ta ce a fili yake. Muddin sakin na kome ne kuma idda ba ta cika ba, miji yana da ikon mayar da matarsa, da sharaɗin da aya ta 231 ta Suratul Baƙara ta gindaya, cewa kada a riƙe mace don a cuce ta. Da zarar idda ta cika, ya zama kamar kowane manemi, sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki, da sabon ɗaurin aure. Bazawara ba a yi mata tilas. Buhari ya ruwaito cewa mahaifin Hansa'u 'yar Hizamu ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, Manzon Allah ya warware auren.

Labarin Barira ya fi kowane bayani. Baiwa ce da Nana A'isha ta 'yanta, sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Ibnu Abbas ya ba da labarin yadda Mugisu yake bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa, ya yi mata maganar komawa. Ta tambaya ko umurni ne, ya nuna mata cewa ceto kawai yake yi, ta ce ba ta bukatarsa, aka kuma ƙyale ta. In har fiyayyen halitta bai mayar da roƙonsa umurni ba, to wane kawu ko wane suruki ne zai yi? A ɗaya ɓangaren kuma, aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka ne a kan Ma'aƙilu ɗan Yasaru, wanda ya rantse ba zai mayar da 'yar'uwarsa ga mijin da ya sake ta ba, alhali ita tana so, sai aka hana shi tsayawa a tsakaninsu. Watau dangi ba su da ikon tura ta, ba su da ikon tare ta. Sulhu alheri ne, kuma macen da ta yafe don Allah da don 'ya'yanta ladanta yana wurin Ubangiji. Amma yafewar da aka karɓa da matsi da barazanar fushin iyaye ba za mu kira ta sulhu ba.

Akwai wuri guda da muke jan hankalin duk mai karanta wannan littafi da ire-irensa. Labari yana son ya nuna sakayya tun a duniya, shi ya sa aka kawo gobara. Kada wannan ya sa mu riƙa kallon duk wanda masifa ta faɗa wa a matsayin mai alhaki. Wutar da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta haɗa da rumfunan masu tsayar da salla, masu fitar da zakka, masu kyautata wa iyali, kuma ga irinsu jarrabawa ce da kankarar zunubi. Kada kuma azzalumin da kasuwarsa take ta haɓaka ya ɗauka ya tsira. Aya ta 42 ta Suratu Ibrahim ta sanar da mu cewa Allah bai gafala daga abin da azzalumai suke yi ba, jinkiri ne kawai Yake yi musu, kuma hadisi ingantacce ya nuna cewa in Ya kama ba Ya saki. Karin maganar da aka sa wa littafin suna gaskiya ce, alhaki yana bin mai shi, amma sau da yawa ba ya cim masa sai a kabari.

Shawararmu ga dukkan magidanta, 'yan kasuwa da ma'aikata, ita ce kowa ya yi wa gidansa irin lissafin da yake yi wa rumfarsa ko ofishinsa. A zauna da uwargida a tambaye ta nawa mudun shinkafa da kwalbar manja suke a yau, a gwada da abin da ake ajiye mata da safe, domin da yawa daga cikinmu sun ƙara kuɗin hajarsu sau da dama amma kuɗin cefane yana nan inda yake. A duba wanda yake biyan kuɗin makaranta da na magani a zahiri. Wanda yake da 'ya'ya a hannun matar da ya saki ya yanka musu abin da zai riƙa aikawa kowane wata, kada ya jira sai sammaci ya zo. Mai niyyar ƙara aure ya fara ɗinke ɓarakar gidan da yake da shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa a cikin dinaren da mutum yake kashewa, wajen jihadi, da 'yanta bawa, da sadaka ga miskini, da ciyar da iyali, wanda ya fi lada shi ne na iyali. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa tozarta waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi.

Iyaye kuma su sani cewa yarinyar da take shirin aure tana da tsoron da ba ta iya faɗa, kuma sau da yawa a cikin irin waɗannan littattafai take ganin abin da take tsoro. Maganin wannan shi ne a karantar da ita babin aure, da saki, da ciyarwa, da riƙon yara, kamar yadda ake karantar da ita babin tsarki da salla, a binciki halin manemi kafin a dubi abin hannunsa, a kuma tabbatar mata cewa in an cuce ta ƙofar gidan ubanta a buɗe take. Limamai da masu wa'azi su ma su riƙa ba haƙƙin mata a kan maza lokaci daidai da wanda suke ba haƙƙin maza a kan mata, gama Alƙur'ani ya ambace su tare a aya ta 228 ta Suratul Baƙara.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana, Ya sanya albarka a kasuwanninmu da ayyukanmu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya raba mu da ɗaukar alhakin na ƙasa da mu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.